Jatan landen da aka raɗa wa suna marar ido

Akwai wani dangin jatan lande da ke zaune a wuraren da hasken rana bai taɓa kaiwa ba, a bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi da ke ƙarƙashin teku, kuma masana sun ba shi suna Alvinocarididae. Na daɗe ina bibiyar labarinsa, kuma abin da ya fi riƙe hankalina shi ne yadda tarihin sanya masa sunaye ya cika da gyare-gyare, domin kowane nitso da aka yi zuwa wurin zamansa yanki ɗaya kawai na rayuwarsa yake nunawa, sai a sa suna a kan wannan yankin, daga baya kuma a gano cewa halittar ta fi sunan faɗi.

Kafin a kai ga dangin, ya kamata a san gurbinsa a cikin jerin halittu. Jatan lande yana cikin rukunin Decapoda, wato masu ƙafa goma, tare da kaguwa da 'yan uwanta masu ɓawo. Amma abin da mutane ke kira jatan lande a dunƙule ya kasu kashi biyu manya waɗanda zumuncinsu bai kai kusancin kamanninsu ba. Kashi na farko, Dendrobranchiata, matansa suna zubar da ƙwai cikin ruwa su bar shi. Kashi na biyu, Caridea, matansa suna riƙe ƙwan a ƙarƙashin cikinsu, manne da ƙananan ƙafafun iyo, har sai ya ƙyanƙyashe, kuma ana gane su da cewa ɓawon gaɓa ta biyu ta cikinsu yana hawa kan ta farko da ta uku. Alvinocarididae na cikin wannan kashi na biyu. A tsarin rabe-raben halittu, dangi ya ƙunshi jinsuna, kowane jinsi kuma ya ƙunshi nau'o'i, kuma sunan Latin mai kalma biyu yana farawa da jinsi ya ƙare da nau'i. Nau'o'in wannan dangi da aka siffanta zuwa yanzu sun haura talatin, kuma kusan dukkansu ba a samun su sai a maɓuɓɓugar ruwan zafi ko a wuraren da iskar gas da mai ke tsattsafowa a sanyaye daga ƙasan teku.

A shekarar 1977 ne ɗan ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa mai suna Alvin, wanda cibiyar binciken teku ta Woods Hole a Amurka ke kula da shi, ya sauka kusa da tsibiran Galafagos a zurfin mita 2,500 ko makamancin haka, ya tarar da ruwan ɗumi yana fitowa daga tsagogin dutse, kewaye da halittun da babu wanda ya yi tsammanin samunsu. Daga cikin abin da aka kwaso a wannan yankin akwai wani jatan lande da Austin Williams da Fenner Chace suka siffanta a 1982, suka kira shi Alvinocaris lusca, wato suka haɗa sunan jirgin da kalmar Girkanci ta jatan lande. Da farko an ajiye shi a wani dangi mai suna Bresiliidae, sai a 1986 Martin Christoffersen ya ware masa nasa dangin, ko da yake an ɗauki shekaru kafin kowa ya amince da rabuwar. Abin da ke burge ni shi ne cewa sunayen wasu jinsunan dangin sun zama tarihin jiragen da suka gano su: Mirocaris ya samo suna daga jiragen Mir na Rasha, Nautilocaris daga Nautile na Faransa, Shinkaicaris daga Shinkai na Japan. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa iliminmu game da su ya rataya ne a kan 'yan jirage ƙalilan da ke iya jure nauyin ruwan da ke wurin, inda kowace mita goma ta zurfi ke ƙara matsi daidai da nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa.

Wanda ya fi shahara a cikin dangin shi ne Rimicaris exoculata. A 1985 ayarin Peter Rona ya gano maɓuɓɓugar ruwan zafi a tudun da ya ratsa tsakiyar Tekun Atlantika, a wurin da ake kira TAG, a zurfin da ya wuce mita 3,600. Wurin wani tudu ne na ma'adinai mai faɗin kusan mita 200, kuma daga bututayen da ke samansa ruwa baƙi kamar hayaƙi yake fita da zafin da ya haura digiri 350 a ma'aunin Salshiyas, bai kuma tafasa ba saboda tsananin matsi, alhali ruwan da ke kewaye da shi bai wuce digiri biyu ko uku ba. A jikin waɗannan bututaye jatan lande ne suka yi cincirindo, dubbai a cikin murabba'in mita ɗaya, suna ta turereniya ba hutawa. Tsawon babba a cikinsu bai wuce santimita biyar ba sosai. Williams da Rona suka siffanta shi a 1986, kuma da yake sun duba gaban kansa ba su ga idanu masu tsinke irin na sauran jatan lande ba, sai suka ba shi suna mai ma'anar jatan landen tsagar dutse wanda aka raba da ido.

Sunan bai yi shekara uku ba aka gano cewa bai faɗi gaskiyar halittar duka ba. Cindy Lee Van Dover, wadda a lokacin ɗaliba ce mai neman digiri na uku, daga baya kuma ta zama mace ta farko da ta tuƙa Alvin, ta lura da wasu tabo biyu masu ƙyalli a bayan jatan landen a cikin hotunan da aka ɗauko daga ƙasan teku. Da aka buɗe jikinsa sai aka tarar da wata gaɓa mai reshe biyu kwance a ƙarƙashin ɓawon baya, wanda a daidai wurin garai-garai yake, kuma jijiya ta haɗa gaɓar da ƙwaƙwalwa. Ita da abokan aikinta suka fitar da sinadarin rodofsin daga cikinta, wato irin sinadarin da ke kama haske a idon dabbobi, suka wallafa sakamakon a mujallar Nature a 1989. Gaɓar ba ta da madubin da ke tattara haske ya zana siffa, saboda haka ba ta ganin sura, amma tana da shimfiɗa mai faɗi ta ƙwayoyin karɓar haske, a ƙarƙashinsu kuma akwai farin rufi da ke mayar da hasken da ya wuce domin ya sake ratsa su. An gina ta ne don ta kama haske komai ƙanƙantarsa.

Tambayar da ta biyo baya ita ce wane haske ne ake kamawa a wurin da rana ba ta kaiwa, tun da hasken rana yana ƙarewa gaba ɗaya tun a wajen zurfin mita 1,000. Van Dover ta yi tunanin cewa ruwan da ya kai irin wannan zafi zai iya fitar da ɗan haske, kamar yadda ƙarfe ke yin ja idan ya sha wuta. A 1988 aka saukar da kyamara mai tsananin kama haske zuwa wasu bututaye a tudun Juan de Fuca da ke arewa maso gabashin Tekun Pasifik, aka kashe fitilun jirgin, sai ga haske mai rauni a bakin bututun, wanda idon mutum ba ya gani. Akasarin hasken yana ɓangaren da ya wuce ja ne, shi kuwa sinadarin idon jatan landen ya fi kama kore mai shuɗi-shuɗi, saboda haka masana sun daɗe suna muhawara kan nawa ne daga cikin wannan haske halittar ke iya gani. Bayanin da ya fi karɓuwa shi ne cewa gaɓar tana taimaka masa ya san inda bakin bututu yake, ya matso kusa don ya ci, ya kuma kauce don kada ya dahu. Ni dai wannan bayanin ya gamsar da ni, domin duk rayuwar halittar tana tafiya ne a wata 'yar tazara tsakanin ruwan da ke kashewa da zafi da ruwan da babu abinci a cikinsa. Ya fi son ruwa mai zafin digiri 10 zuwa 30, kuma gwaje-gwajen da aka yi masa a cikin tukwane masu riƙe matsi sun nuna cewa kafin a kai digiri 40 ya riga ya galabaita. Akan samu wasu daga cikinsu da ƙuna a ƙafafu ko a ɓawo, shaidar cewa tazarar ba ta da yawa.

Akwai wani abu mai sosa rai a wannan labari. A 1999 Peter Herring da abokan aikinsa suka ba da rahoton cewa jatan landen da aka kwaso daga wuraren da jirage suka saba haskawa da manyan fitilu, ƙwayoyin karɓar haskensu sun lalace, alhali ƙananan da aka kama da koma a cikin duhu, nesa da fitilun, nasu lafiya lau suke. Ma'ana, idon da aka tsara don hasken da bai kai na tauraro ba, shi ne ya makance da fitilar masu bincikensa. Wannan ya sa dole a sake duba wasu bayanan farko game da tsarin gaɓar, tun da mai yiwuwa idanun da suka riga suka lalace aka siffanta, kuma ina ganin ya zama wajibi duk mai karanta rahotannin zurfin teku ya riƙa tambayar yadda aka samo samfurin kafin ya karɓi abin da aka ce game da shi.

To, me ke sa halitta ta yi ta cusa kanta kusa da ruwan da zai iya dafa ta? Amsar tana cikin kanta. Ɓawon da ya rufe kai da ƙirjin Rimicaris exoculata ya kumbura ta gefe biyu, ya samar da ɗaki mai faɗi a kan gaɓoɓin numfashi, kuma bangon wannan ɗaki na ciki cike yake da bakteriya masu kama da zare. Wasu sassan bakinsa biyu sun yi girma fiye da kima, sun fito da gashi mai kauri wanda shi ma bakteriya suka lulluɓe. Halittar tana kaɗa waɗannan sassa ba tsayawa, ruwa yana ratsa ɗakin ɗauke da iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, da haidirojin, da iskar gas ta mitan, da narkakken ƙarfe, tare da iskar oksijin daga ruwan sanyi. Bakteriyan suna ƙona waɗannan sinadarai su sami ƙarfin da suke haɗa abinci da shi daga iskar kabon, kamar yadda tsirrai ke yi da hasken rana. Ba iri ɗaya ba ne bakteriyan: akwai masu aiki da farar wuta, akwai masu aiki da mitan, akwai masu mayar da ƙarfe tsatsa, kuma yawan kowane iri yana canzawa gwargwadon sinadaran maɓuɓɓugar. Shi ya sa a wurin da ake kira Rainbow, mai zurfin kusan mita 2,300, inda ruwan ke da ƙarfe da yawa, kawunan jatan landen sukan yi ja kamar tsatsa, a wasu wuraren kuma su yi baƙi ko toka-toka.

An daɗe ana zaton jatan landen yana kankare bakteriyan ne ya haɗiye, kamar mai noma a cikin kansa yana girbi. Sai dai da aka duba sosai ba a ga alamar kankara a jikin bangon ba, kuma gwajin da aka wallafa a 2013, wanda aka yi da sinadarai masu alama a cikin tukwanen matsi, ya nuna cewa abincin da bakteriyan suka haɗa yana ratsa siririyar fatar ɗakin ya shiga jikin halittar kai tsaye, ba tare da ya bi ta baki ba. Hanjinsa yana nan, cike da ɓurɓushin ma'adinai, kuma yana da nasa bakteriyan dabam. Matsalar wannan zama ita ce ma'adinai suna taruwa a kan bakteriyan har su yi ɓawo mai kauri da ke tare ruwa. Maganin da halittar ke yi shi ne saɓa: kusan duk kwana goma takan tuɓe ɓawonta gaba ɗaya, da bakteriyan da ma'adinan, ta fito fari fat, sabbin bakteriya su sake mamaye ɗakin cikin 'yan kwanaki. Babban jatan lande da ke saɓa kowane kwana goma yana kashe ƙarfi mai yawa, kuma hakan yana nuna irin yalwar abincin da wannan haɗin kai ke samarwa.

Ba duk 'yan dangin ne suka kai wannan matsayi ba, kuma a nan ne rabe-raben ke da daɗin nazari, domin ana iya jera su a ga yadda jiki ke sauyawa da salon ci. Nau'o'in Alvinocaris sun fi kama da jatan landen da aka saba gani: suna da dogon tsinin goshi mai haƙora, kansu bai kumbura ba, idanunsu na gaba sun ragu amma suna nan, kuma suna zama a gefe-gefe, cikin katantanwa masu ɓawo biyu da tsutsotsin bututu, suna farauta ko cin mushe da tarkace. Su ne suka fi bazuwa, ana samun su a Tekun Pasifik daga Galafagos har Okinawa, da kuma wuraren tsattsafowar gas a mashigin tekun Meziko, inda aka siffanta Alvinocaris muricola da Alvinocaris stactophila a 1988. Mirocaris fortunata, wanda aka siffanta a 1995 daga wurin da ake kira Lucky Strike kusa da tsibiran Azores, ƙarami ne, tsinin goshinsa ya gajarce, kuma yana cin abin da ya samu. Rimicaris chacei yana tsakiya, yana ɗauke da bakteriya amma bai daina ci da baki ba. A ƙarshen jerin kuwa akwai exoculata, wanda tsinin goshinsa ya kusan ɓacewa, tare da takwarorinsa biyu masu irin wannan rayuwa: Rimicaris kairei na tsakiyar Tekun Indiya, da aka siffanta a 2002, da Rimicaris hybisae na kwarin Cayman a tekun Karibiyan, da aka siffanta a 2012, wanda ke zaune a maɓuɓɓugar Beebe mai zurfin kusan mita 5,000, wato mafi zurfin irin waɗannan wurare da aka sani.

Sunan chacei kaɗai ya isa misalin yadda iyakokin jinsi ke motsi. Williams da Rona sun sa shi a Rimicaris a 1986. A 1990 Joel Martin da Robert Hessler suka ga bambancin jikinsa da na exoculata ya yi yawa, suka ƙirƙiro jinsin Chorocaris suka mayar da shi can. A 2015 Alexander Vereshchaka da abokan aikinsa suka sake nazarin dangin baki ɗaya, suka mayar da Chorocaris da wasu ƙananan jinsuna cikin Rimicaris, sai sunan ya koma inda ya faro. Mai kallo daga nesa zai iya ɗaukar wannan a matsayin ruɗani, amma a ganina tambaya ce ta gaskiya ke ƙarƙashinsa: shin kumburarren kai da ɓacewar tsinin goshi alamar asali ɗaya ne, ko kuwa siffa ce da kowane reshe zai iya kaiwa gare ta idan ya dogara da bakteriya? Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa hybisae, duk da kamarsa da exoculata, ya fi kusanci da chacei, kuma wannan yana ƙarfafa ra'ayi na biyu.

Kuskuren da ya fi koyar da ni abu shi ne na 'ya'yan. A cikin cincirindon manya masu launin toka-toka, masu nitso sun riƙa ganin wasu ƙanana masu launin lemo, jikinsu sumul, kansu bai kumbura ba. A tsakiyar shekarun 1990 aka siffanta su a matsayin sabbin halittu har sau biyu, da sunan Iorania concordia a 1996 da kuma Rimicaris aurantiaca a 1997. A 1998 Timothy Shank da Richard Lutz da Robert Vrijenhoek suka gwada ƙwayoyin gadonsu, suka tarar da cewa 'ya'yan exoculata ne da ba su gama girma ba. Ba na ganin laifin waɗanda suka sa sunayen, domin bambancin ɗa da babba a wannan nau'i ya kai wanda ake raba jinsuna da shi a wasu dangogin, kuma samfuran da ke hannunsu kaɗan ne.

Launin lemon nan kuwa yana ɗauke da labarin tafiya. Idan ƙwai ya ƙyanƙyashe daga ƙarƙashin cikin uwa, ɗan da ke fitowa yana da idanu biyu a gaban kai, irin na kowane jatan lande, kuma ba ya zama a wurin haihuwarsa, ruwa ne ke ɗaukarsa. An kama irin waɗannan 'ya'ya da koma a tsakiyar ruwa, nesa da kowace maɓuɓɓuga. Lokacin da suka dawo jikinsu cike yake da kitse mai launin lemo, kuma nazarin kitsen ya nuna cewa asalinsa daga ƙananan tsirran saman teku ne masu rayuwa da hasken rana, waɗanda tarkacensu ke gangarowa ƙasa. Saboda haka halittar da ake kafa misali da ita wajen rayuwa ba tare da rana ba, ƙuruciyarta da abincin rana take yin ta. Bayan ta sauka a jikin bututu sai idanun gaba su shafe, gaɓar baya ta bunƙasa, kai ya kumbura, sassan baki su yi girma, kitsen ya ƙare a hankali yayin da bakteriya ke karɓar aikin ciyarwa.

Wannan doguwar tafiya tana da dalili. Maɓuɓɓugar ruwan zafi ba ta dawwama: bututu yakan toshe, girgizar ƙasa takan sauya hanyar ruwa, aman wuta yakan binne wuri gaba ɗaya, kuma tsakanin wata maɓuɓɓuga da wata a tudun Atlantika akan sami ɗaruruwan kilomita na ƙasa mai sanyi da babu abin da babban jatan lande zai ci. Nau'in da 'ya'yansa ba sa yin nisa zai mutu tare da bututunsa. Nazarin ƙwayoyin gado ya nuna cewa exoculata na wurare masu nisan dubban kilomita a tsawon tudun kusan al'umma ɗaya ce, alamar cewa 'ya'yan suna kaiwa daga wannan wuri zuwa wancan.

Tudun da jatan landen ke zaune a kai ma'adinai ne masu jan ƙarfe da tutiya da ɗan zinariya, kuma Hukumar Kula da Ƙasan Teku ta Duniya, mai hedkwata a Kingston ta ƙasar Jamaika, ta ba Rasha da Faransa da Poland izinin binciken irin waɗannan ma'adinai a sassan tudun tsakiyar Atlantika. Izinin na bincike ne, ba a fara haƙa ba. Abin da ke damuna shi ne cewa wuraren zaman exoculata ƙididdigaggu ne, kowanne kuma bai fi 'yan filayen ƙwallo girma ba, kuma kowane ɗaya yana karɓar 'ya'ya daga wasu yana kuma aika nasa. Idan aka rushe ɗaya ko aka turnuƙe ruwan da ke samansa da ƙurar ma'adinai, tazarar da ɗan jatan lande zai ratsa da ɗan kitsen da ke jikinsa kafin ya sami wurin sauka za ta ƙaru.